Yadda Muka Kashe Mutum da Alƙalami Don Mu Ci Gasa

Wannan makon layi ya zo kanmu, mu 'yan Sakkwato. Da farko mun shirya kawo bayani a kan yadda ake buɗe gajeren labari, har mun yi nisa, sai ɗayanmu ya tuna mana cewa akwai bashin da ba mu biya ba. Wani abu ya faru da mu a azumin 2024, kuma tun lokacin duk wanda ya ɗauko zancen sai sauran su kawar da kai. Mun zauna mun yi shawara, mun yarda mu faɗe shi a nan, ko Allah Zai sa wani ya kauce wa ramin da muka faɗa.

Mu huɗu ne a cikin labarin, dukkanmu 'yan ƙungiyar marubuta ɗaya, babu wanda ya kai shekara talatin. Mu uku mun yi difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, na huɗunmu tela ne. Duk Asabar bayan la'asar muke haɗuwa a gindin wani dogonyaro, mu karanta wa juna abin da muka rubuta, mu yi ta gyaran juna har a kira magariba. Babu wanda ya karanci abin da ya shafi asibiti a cikinmu. Haɗa kalmomi muka iya, kuma a wancan lokacin muna ji da kanmu ba kaɗan ba.

Ana saura kwana biyu a kama azumi, ƙanwar ɗayanmu ta same mu a gindin bishiyar. Tana karatun kiwon lafiyar al'umma a wata makaranta cikin gari, irin waɗanda aka fi sani da CHEW. Duk wanda ya taɓa kai marar lafiya ƙaramin asibitin ƙauye a Wurno ko Kware ko Bodinga ya san su. Su ake ce wa likita a can, domin likitan yana birni. Su ke duba mai zazzaɓi, su yi wa yara rigakafi, su auna mai ciki, wanda ya fi ƙarfinsu su tura shi babban asibiti. Jiharmu ta daɗe tana horar da su a kwalejin lafiya ta Sarkin Musulmi Abdurrahman da ke Gwadabawa, yanzu kuma ga makarantu masu zaman kansu sun ƙaru. A Amurka ma akwai masu kama da su, ana kiran su mataimakan likita. Jami'ar Duke ce ta fara horar da su a 1965 saboda ƙarancin likitoci, ta fara da waɗanda suka yi aikin jinya a rundunar sojan ruwa.

Wani ɗalibi ne ya gani a intanet cewa irin waɗancan ɗaliban kan yi gasa tsakanin makarantunsu, a ga wadda za ta fi tara kuɗin taimako. Ya kawo shawara a yi haka a nan. Aka kafa rukuni uku daga makarantu uku: masu koyon jinya, masu koyon ungozomanci, sai su ƙanwar tamu. Daga ɗaya ga azumi zuwa ashirin kowane rukuni zai tara abin da ya samu don marasa lafiyar da ba su da hali. Wanda ya fi tarawa a ba shi kofi. Kowane dare bayan asham za a sa jimillar kowa a WhatsApp.

Ta ce, "Yaya, ku da kuka iya rubutu ku taimaka mana. Mu allura muka iya."

Ba mu ga aibu a ciki ba, har yau ma ba mu gani ba. Wanda ya tashi a ƙauye ya san gayya, ya san yadda samari ke tseren kunya idan makaɗi ya saki ganga, gonar da za ta ci kwana biyar a gama ta kafin azahar. Malamai ma sun sha ba mu labarin ranar da Sayyidina Umar ya kawo rabin dukiyarsa yana fatan ya wuce Sayyidina Abubakar, sai ga Abubakar ya kawo tasa gaba ɗaya. Tsere a aikin alheri abu ne da muka gada. Muka ce mata mun karɓa.

Aka tashi da azumi ranar Litinin 11 ga Maris. Muka rubuta musu sanarwa mai tsabta, muka tunatar da falalar sadaka a watan, muka sa lambar asusu a ƙasa. Ɗaliban suka ɗauki kwalaye suka shiga Kara da Tsohuwar Kasuwa cikin ranar nan ta Sakkwato da ba ta da sauƙi ko ga marar azumi, ranar Juma'a kuma suka tsaya a bakin Masallacin Shehu. Kun dai san yadda rayuwa ta koma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Ɗan kasuwar da a da zai zaro dubu biyar, yanzu ɗari biyu yake miƙowa ya haɗa da ba da haƙuri. Mako guda ya cika rukuninmu na da naira 46,000, mu ne na uku. Mun ce "mu" domin zuwa lokacin mun daina ganin gasar ta ɗalibai ce. Kowane dare muna zuba ido mu ga jimilla kamar masu jiran sakamakon jarrabawa. 'Yan sauran rukunonin suka fara yi wa ƙanwar tamu ba'a, suna cewa ina marubutan da aka ɗauko haya. Maganar ta yi mana zafi fiye da yadda muka nuna.

A daren takwas ga azumi ta turo mana wani hoto. Wata mata ce ta sauka a gidan maƙwabtansu daga wani ƙauye na gabashin jihar, tare da ɗanta mai kimanin shekara biyar. Ciwo ya cinye masa kuncin hagu da gefen leɓe, har ana hango haƙoransa ta waje. Ta ce ta tambayi uwar ko za a ɗauki hotonsa don a nema musu taimako, uwar ta ce to. Muka tambaye ta ina uban. Ta ce ita dai ba ta ga namiji tare da su ba. Muka tambayi me suke jira. Ta ce an ce za a yi masa aiki.

Iyakar abin da muka sani ke nan. Ba mu je gidan ba, alhali tafiyar ba ta fi ta minti goma a kan babur ba.

Daren nan muka zauna har sahur. "Ba ta ga namiji ba" ta koma "maraya" a layin farko. A layi na uku mun riga mun binne uban, mun bar uwar da hawaye a bakin kabari. "Za a yi masa aiki" ta koma maƙudan kuɗin tiyata da ake nema kafin sallah, in ba haka ba sai yadda Allah Ya yi. Muka ba yaron mafarkin zama likita, muka sa masa magana a baki. Telan cikinmu ya ce, "Anya kuwa? Wannan fa ba ƙagaggen labari ba ne." Muka ce masa ai don alheri ne, kuɗin ba aljihunmu za su shiga ba. Ya yi shiru. Gaskiyar da za mu faɗa muku ita ce rubutun ya yi mana daɗi. Akwai wata jimla da muka maimaita karantawa sau uku muna jinjina wa kanmu.

Da safe muka sa shi a Facebook tare da hoton, fuska a buɗe. Kafin la'asar an raba shi fiye da duk abin da muka taɓa rubutawa a rayuwarmu. Alat ya riƙa shigowa daga Kano da Kaduna da Abuja, har da wasu mazauna Saudiyya. Cikin kwana uku kuɗin suka haura naira 600,000, muka tashi daga na uku muka koma na ɗaya. Sauran rukunonin da suka ga haka su ma suka fita neman nasu hoton. Wannan ya kawo yaron da wuta ta ƙone, wancan ya kawo tsohuwa kwance a tabarma. Gasar ta tashi daga wa ya fi tara kuɗi ta koma wa ya fi hoto mai tayar da hankali, kuma mu muka buɗe ƙofar.

A dare na huɗu wani dattijo maƙwabcin ɗayanmu ya aiko a kira mu. Tsohon jami'in lafiya ne da ya yi ritaya. Muka same shi a ƙofar gida da wayarsa a hannu. Bayan gaisuwa ya ce, "Ku kuka rubuta wannan?"

Muka ce, "Mu ne, Baba," muna jiran yabo.

Ya ce, "Wa ya gaya muku ana biyan kuɗin aiki a asibitin noma?"

Babu wanda ya amsa. Wasunmu ma a ranar suka fara jin cewa akwai ciwo mai suna noma, wanda ba shi da haɗi da noman gona. Ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Ciwo ne da ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman waɗanda ba sa samun abinci mai gina jiki, ko waɗanda ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro suka raunana. Yana farawa da kumburin dasashi da zubar jini da warin baki. Idan aka gano shi a wannan matakin, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci mai kyau sun isa su tsayar da shi. Idan aka bari, cikin 'yan kwanaki sai ya ci nama har ya kai ƙashi, kuma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kusan tara cikin goma na yaran da ba a yi wa magani ba suna rasuwa. Ba a ɗaukarsa daga wani. A nan cikin garinmu akwai asibitin da aka kafa musamman dominsa tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF tana tallafa masa tun 2014, kuma magani da tiyata kyauta ne. Wata uku kacal kafin wannan azumin, a Disambar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, bayan Nijeriya ta jagoranci neman hakan.

Ya ce, "Kun ga abin da kuka yi? Uwar da ɗanta ke da irin wannan a ƙauye, in ta ji ana neman dubban ɗaruruwa, zama za ta yi a gida. Ina za ta samo su?"

Wannan gefen ko kaɗan bai zo mana a rai ba. Mun rubuta kalmomi kusan dubu a kan fuskar yaron, ba mu ambaci sunan ciwon ba, balle alamunsa, balle inda ake maganinsa.

Washegari muka yi abin da ya kamata mu yi tun farko, muka je gidan. Matar tana zaune a zaure, yaron yana bayanta, an naɗe masa rabin fuska da ɗankwali. Muka durƙusa muka ce, "Inna, ina wuni." Ta amsa a sanyaye. Da ƙanwar tamu ta gaya mata ko mu su waye, sai ta ɗago ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Ɗiyana, mi na yi muku? An ce za a taimake mu, ni ko na ce to. Ban san hoton shina tahiya har gida ba."

Ashe hoton ya isa ƙauyensu tun kwana biyu. Mijinta yana nan da ransa. Ya zauna a gida ne domin sauran yara huɗu da kuma albasar da ya noma a fadama ta isa cira. A kasuwa wani ya tare shi da waya yana dariya, ya ce ashe ka rasu ba mu ji ba. Wasu suka ce matarsa ta kai ɗansu birni tana bara da shi. Ya kira ta a wayar maƙwabci ya ce ta tattaro ta dawo, a bar aikin.

Ta ce, "Shekara guda ina ɓoyon huskar yaron ga. Ko 'yan uwan ubanai ba duka sunka gan ta ba. Yanzu kowa ya gani."

Muka tambaye ta abin da take buƙata, tambayar da ba mu yi ba kafin mu rubuta. Ta ce kuɗin mota, domin an gaya mata aikin ba a gama shi a zuwa ɗaya, sai ta koma ta dawo. Sai kuma ɗan abin da za ta bar wa yaran gida. Duka abin da ta lissafa bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da muka tara da sunan ɗanta ba.

Muka fito babu mai iya duban wani. Garin neman gira mun kusa rasa ido, kuma idon ba namu ba ne.

Daren nan aka yi zaman da ba za mu manta ba da shugabannin rukunin. Muka ce za mu sauke hoton mu rubuta gaskiya, wanda ke son kuɗinsa a mayar masa. Ɗakin ya kaure. Wani ya ce saura kwana shida a rufe gasa, a bari a gama sannan a gyara. Wani ya ce in aka bayyana, mutane za su ce ɗaliban lafiya 'yan damfara ne, baɗi ko sisi ba za a ba su ba. Maganarsa akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa ta yi nauyi. Ƙanwar tamu ta fashe da kuka ta ce, "Yaya, ku kuka rubuta, amma mu za a zaga." Ita ma ta yi gaskiya. In ɓera da sata daddawa ma da wari, amma a nan mu ne ɓeran. Ita hoto ta ɗauka da izini gwargwadon fahimtarta. Maraici da kabari da kuɗin tiyata duk daga alƙalaminmu suka fito. Muka ce to da sunanmu gyaran zai fita, ba da nasu ba.

Wannan rubutu na biyu shi ne mafi wuya da muka taɓa yi, ga shi bai kai rabin na farko tsawo ba. Muka ce mun yi ƙarya a wuri uku, muka lissafa su. Muka ce uban yaron yana raye, aikin kyauta ne, babu wa'adin sallah. Muka roƙi duk wanda ya raba hoton ya goge. Muka bayyana alamun noma da inda ake zuwa. Kafin mu sa shi muka koma muka karanta wa Inna daga farko har ƙarshe, ta sa muka cire wata jimla da ta ambaci yankinsu.

An zage mu, kuma mun cancanta. Mutum goma sha ɗaya suka nemi kuɗinsu, aka mayar musu. Sauran suka ce a yi amfani da su ga wasu marasa lafiya. Gyaran bai yi tafiyar da ƙaryar ta yi ba, ko kusa. Magana zarar bunu ce, har yau mun san hoton yana cikin wayoyin da ba mu da iko da su. Alat ya ja baya, masu koyon jinya suka wuce mu, su suka ɗauki kofi. Ƙanwar tamu ta yi mako biyu ba ta yi wa yayanta magana ba.

Uban yaron ya zo da kansa bayan dattijon nan ya yi magana da shi ta waya. Dogo ne, marar yawan magana. Aka ba su abin da zai ishe su zirga-zirga da abincin gida, sauran kuɗin aka saya wa wasu majinyata magani, aka biya wa wasu kuɗin mota, kowane da rasit. Muka ba shi haƙuri. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Kuɗi dai Allah Shi saka da alheri. Amma ku da kunka rubuta na mutu, ku koma ku rubuta ina raye." Muka ce mun rubuta, Baba. Ya ce a karanta masa. Muka karanta. Ya gyaɗa kai, ya yarda a ci gaba da aikin.

'Yan uwa, da yawanmu a wannan zaure za a zo mana da irin wannan buƙata. Wani zai ce rubuta mana neman taimako ga marar lafiya, ko ga gidan da gobara ta ci, ko ga 'yan gudun hijira. Abin da muka koya da kunya muke miƙa muku kyauta. Ku taka da ƙafarku ku ga mutumin kafin ku ɗora alƙalami. Ku tambaye shi abin da yake buƙata da bakinsa, kada ku ƙiyasta masa. In za a ɗauki hoto, ku gaya masa a fili cewa zai iya isa ƙauyensu da gidan surukansa, kuma ba ya dawowa. "To" ɗin wanda bai san inda hoton za shi ba, ba izini ba ne. Ku karanta masa abin da kuka rubuta kafin duniya ta karanta. Ku nemi ma'aikacin lafiya ya duba muku abin da kuka faɗa a kan ciwon. A ƙagaggen labari muna da damar kashe uba mu raya shi a babi na gaba. Wanda ke da gida da mata da kasuwar da yake zuwa, ba mu da wannan damar a kansa.

Ga ɗaliban kuma mun ba da shawara, in za su sake, a daina sa jimillar kuɗi kowane dare, domin ita ce ta hura mana wuta. A ƙirga yawan majinyatan da aka kai wa taimako da rasit a hannu, a hana sa fuskar kowa. Wasu sun ce in babu hoto babu kuɗi. Wataƙila kuɗin za su ragu, mun gani da idonmu. Muna so mu ji ra'ayinku a kan wannan a ƙasa, musamman waɗanda suka taɓa yin irin aikin: yaya kuke sa mutum ya buɗe aljihunsa ba tare da kun buɗe asirin wani ba?

Kwana uku bayan gyaran, wata mata ta turo mana saƙo cewa dasashin 'yarta na zubar da jini, bakin yana wari, ina asibitin yake. Muka haɗa ta da dattijon nan. Bayan babbar sallah Inna ta dawo da yaron karo na biyu. Muka je gaishe su da ledar lemu da sabulu, wayoyinmu na cikin aljihu. Yaron ya leƙo ta bayan uwarsa, ya karɓi lemun ya koma.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yafe mana abin da alƙalumanmu suka jawo. Sai mun ji daga gare ku.